Kwalbar da Yaya ya Kawo daga Bakin Teku

Yayana ya dawo gida a tsakiyar damina, shekara ta uku da mai da Lafia babban birnin jiha. Soja ne. An tura su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa ta bakin teku, ya yi kusan shekara biyu a can, kuma wasiƙa uku kacal muka samu daga wurinsa. Ni a lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata. Ina zaune a gidanmu tare da Inna, mahaifiyarmu, da matar Yaya da 'yarsu mai shekara huɗu. Babanmu ya daɗe da rasuwa.

Ɗan acaɓa ne ya sauke shi a ƙofar gida da jaka ɗaya. Inna tana ɓarar agushi a tsakar gida, sai da ya yi sallama sau biyu kafin ta gane shi. Mutumin da ya tafi yana tashi da malmalar sakwara uku ya dawo wando yana zame masa. Babu rauni a jikinsa. Takardar da ya zo da ita ta ce an sallame shi saboda rashin lafiya.

Ba ya magana sai an tambaye shi. Yakan wuni a gindin mangwaron da ke bayan ɗakinsa. Idan aka buga taɓarya a turmi sai ya zabura ya dafe ƙasa, har Inna ta roƙi maƙwabta su riƙa kai dakansu can ƙarshen layi. 'Yarsa tana gudunsa.

A mako na uku, na dawo daga makaranta da tulin takardun jarrabawa a hannu, sai ya kira ni.

"Malama, zo ki gani."

Haka yake kirana tun ranar da na fara aiki, da zolaya. Ran nan babu zolaya a muryarsa. Ya ciro wata ƙaramar kwalbar magani daga aljihu, ya zaro audugar da ke ciki a hankali, ya shimfiɗa ta a tafin hannunsa. Wasu 'yan ɓawo ne guda bakwai, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Ba su da kauri, kamar ɓawon albasa, har haske yana ratsa su. Launinsu tsakanin fari da kore ne. Ba su da tsinin nan na katantanwa, kuma bakinsu a wangale yake daga sama har ƙasa.

"Ke da kika karanci halittu, gaya mini sunan wannan."

Na ɗan leƙa na ce, "Dodon koɗi ne, Yaya. Irin ƙananan nan na ruwa."

"A'a." Ya girgiza kai. "Dodon koɗi idan kin taɓa shi yakan shige gidansa ya ɓuya. Wannan gidansa bai ɗauke shi ba. Naman ya fi gidan girma. Yana da wasu fatu biyu a gefe, su ne suke naɗowa su rufe ɓawon, sai ki rantse babu ɓawo a jikinsa. Kansa a baje yake kamar bakin fartanya. A kan duwatsu yake, inda ruwa ke janyewa ya dawo. Idan ruwa ya janye sai ki same su a cikin ramukan dutse, suna kiwo a kan gansakuka. Launinsu ɗaya da ita, sai kin tsuguna kin daɗe kafin ki ga suna motsi."

Tun da ya dawo ban ji ya jera magana haka ba. Amma ni hankalina yana kan takarduna. Na ce masa zan duba.

Na duba ɗin, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Littattafan halittu uku ne a ɗakin karatun makarantarmu, kuma duk abin da suka sani game da teku shi ne kifi da ƙaguwa. Na kwatanta wa wani abokin aikina, ya yi dariya ya ce wuri ne, irin na kuɗin da, wanda bai nuna ba. Ni kaina ban taɓa ganin teku ba. Ruwan da na sani shi ne rafin unguwarmu da madatsar Doma.

Da Yaya ya sake tambayata, na ce babu shi a littafi. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Anya ba abu biyu ka haɗa ba, Yaya? Ka ga wata tsutsa daban, ka tsinci ɓawo daban?"

Ya dube ni, ya mayar da audugar, ya rufe kwalbar. Bai sake ta da maganar ba.

Matarsa ce ta gaya wa Inna cewa yakan zuba abubuwan a hannu ya riƙa yi musu magana ƙasa-ƙasa. Ba ta faɗa don sharri ba, tsoro ne ya ishe ta. Inna ta aika wa ƙaninta da ke noma a Doma, wanda muke kira Kawu, tunda shi ne namijin da ya rage mana. Kawu ya zo ya kwana biyu yana lura da Yaya, sannan ya tara mu a ɗakin Inna.

"Wannan ba ciwon asibiti ba ne," in ji shi. "Mutanen bakin ruwa sun yi masa aiki. Abin yana cikin kwalbar nan. Muddin tana gidan nan, ba zai dawo daidai ba."

Ya juyo gare ni. "Ke da kika yi boko, kin san abin?"

Na ce ban sani ba.

"To, kun ji. Ko littafi bai san shi ba."

Washegari da hantsi, Yaya ya shiga wanka. Kawu ya shiga ɗakinsa ya ɗauko kwalbar daga aljihun rigar da ya cire. Ya zazzage ta a kan dutsen niƙa, ya yi bisimilla, ya ɗora ɗan dutsen ya murza. Ko ƙara ba su yi ba. Ina tsaye a wurin ina kallo. Audugar ta faɗi gefe, na ga guda biyu sun maƙale a cikinta. Na sa ƙafa na kare ta, da Kawu ya juya na ɗauke na cusa a cikin kwalin ashana. Har yau ban san dalilin da ya sa na yi hakan ba, tunda ban tsaya wa Yaya ba lokacin da tsayawar za ta yi amfani.

Yaya ya fito da tawul a wuya, ya ga kwalbar a ƙasa, ya ga farin garin da ke kan dutse. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Kafin mu ankara ya kayar da Kawu ya shaƙe shi. Sai da maza huɗu suka shigo daga waje suka ɓamɓare shi, kuma a cikin kokawar hannun Kawu ya karye. Suka ɗaure Yaya da igiyar guga. Kafin azahar an sa shi a bayan wata akori-kura, an kai shi gidan wani mai magani a wani ƙauye gaba da Adogi.

Sau ɗaya na je a watannin farko. Rumfa ce ta ciyawa a bayan gidan, da mutum shida ko bakwai, kowa da ƙafa ɗaya a cikin turu. Ana yi musu hayaƙi safe da yamma, wanda ya yi gardama a yi masa bulala. Yaya ya gan ni ya kawar da kai. Na ajiye kwanon abinci na fito na yi amai a bakin gonar rogo. Daga nan kullum sai in sami uzuri. Inna ce take zuwa duk Asabar, ta dawo ta shige ɗaki. Da aka girbe doya matar Yaya ta ɗauki 'yarta ta koma gidan iyayenta, kuma babu wanda ya ga laifinta.

Da dogon hutu ya zagayo na tafi Jos, inda na fara karatun digiri irin wanda malamai suke yi a lokacin hutu. Wata goma ke nan Yaya yana turu. Na tafi da kwalin ashanar a cikin jakata, ba tare da wata niyya tsayayya ba.

Wadda take koya mana dabbobi marasa ƙashin baya wata dattijuwa ce 'yar kudu, mutuniyar bakin teku, mai furfura da tabarau mai igiya. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji. Ɗalibai suna tsoronta. Sai da na yi mako uku ina kai-komo a ƙofar ofishinta kafin na ƙwanƙwasa.

Na buɗe kwalin a kan teburinta. Ta gyara tabarau ta sunkuya.

"Ina ka samu wannan? Wannan ba na ƙasar Hausa ba ne."

Na ce wani ne ya kawo daga bakin teku.

Ta shimfiɗa wani baƙin ƙyalle, ta ɗauki ɗaya da ɗan hantsaki ta ɗora a kai, ta jawo gilashin ƙara girma. Ta daɗe tana juya shi. Sannan ta matsa ta ce in duba da kaina.

"Duba sama. Akwai tsini?"

"Babu. Wurin ma ya ɗan lotsa ciki."

"Duba baki. Ina ya fara, ina ya ƙare?"

"Ya kama tsawon ɓawon duka. Ya fi faɗi ta ƙasa."

"Yawwa. Kauri fa?"

"Babu kauri. Ina ganin baƙin ƙyallen ta cikinsa."

"To, wanda ya kawo, ya gan shi da rai? A yashi ko a dutse?"

Na ce a dutse, a ramukan da ruwa ke bari idan ya janye. Ta tambayi launin naman, na ce kore, irin na gansakuka. Ta tambayi kansa, na ce a baje, kamar bakin fartanya. Ta tambaya ko yana iya shigewa ɓawon ya rufe, na ce a'a, naman ya fi ɓawon girma, kuma akwai fatu biyu da suke naɗowa su rufe shi. Ina amsawa ina mamakin kaina. Ashe duk abin da Yaya ya faɗa a gindin mangwaro ya zauna a kaina, kalma da kalma.

Ta miƙe ta sauko da wani ƙaton littafi wanda bangonsa ya cire, ta yi ta buɗawa tana lasar yatsa, sannan ta juyo shi gabana. Ga shi nan a zane, baƙi da fari: baje kai, fatu biyu a naɗe, ɓawon yana ɗan leƙowa ta tsakiya. A gefe an zana ɓawon shi kaɗai, kamar an ɗauki na cikin kwalina an kwafa.

Ta yi mini bayani cewa ɗan'uwan dodon koɗi ne, amma daga dangin da ɓawonsu ya yi ta raguwa, har wasunsu ba su da shi sam. Turawa suna kiran irin wannan da sunan kumfa, saboda rashin kaurin ɓawon. Ta ce dangin ta tabbatar da shi, babu shakka. Amma a cikin dangin akwai iri da yawa masu kama da juna, kuma ba za ta yi mini ƙarya ta zaɓi ɗaya ba, sai da dabbar kanta a hannu, a buɗe cikinta a duba. Ta rubuta sunan dangin da manyan baƙaƙe a wata takarda, ta ba ni littafin in je in yi hoton shafin.

Da na dawo da shi ta ce, "Mutumin nan ya duba da kyau. Ɗalibaina ba su duba abu haka. Shi malami ne?"

"Soja ne. Yayana ne."

"Yana ina yanzu?"

"Yana gida," na ce.

Ban jira ƙarshen hutun ba. Ranar Juma'a na shiga motar Lafia, Asabar da safe na karɓi kwanon abincin daga hannun Inna na ce yau ni zan kai.

Ana yayyafi da na isa. Mutum uku suka rage a rumfar. Yaya yana jingine da ginshiƙi, gemu ya cika masa fuska. Idon sawunsa na hagu, inda turun yake, ya kumbura ya fashe, an shafa masa wani baƙin magani, ƙudaje sun rufe wurin. Warin ya tarye ni tun daga nesa. Na durƙusa a gabansa na gaishe shi. Na ciro takardar na buɗe na riƙe masa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya goge hannunsa a riga ya karɓa. Ya bi zanen da yatsa, daga kai zuwa fatun.

"Shi ne," ya ce. "Amma ba su sa launin ba. Kore ne, da ɗigo-ɗigon baƙi."

"Na'urar ba ta fitar da launi, Yaya."

"Karanta mini sunan."

Na karanta. Ya maimaita, ya kuskure, na gyara masa, ya sake har sau uku. Na ciro kwalin ashana na nuna masa biyun da suka tsira. Bai taɓa su ba.

Ya ce, "Ba ni na fara ganinsu ba."

A nan ya ba ni labarin, yana magana a hankali, idonsa a kan takardar. Ya ce an ajiye su gadi a wani tudu da ke kallon teku, su goma sha wani abu. A cikinsu akwai wani yaron Keana, ɗan ƙabilar Alago, wanda uwarsa take dafa gishiri. Da yake su biyu ne 'yan jiha ɗaya, sai suka zama tamkar 'yan'uwa. Ranar da suka fara isa bakin ruwa, abokin ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana, ya zauna a kan dutse yana dariya har da hawaye. Ya ce dubi gishiri iya ganin ido babu mai shi, ga uwarsa can tana ƙona fuskarta a bakin murhu saboda mudu ɗaya. Shi ne mai tsugunawa a ramukan dutse idan ruwa ya janye. Shi ya gano abubuwan, shi ya riƙa tara ɓawon waɗanda suka mutu a kwalbar magani. Yakan ce, da Hausarsa da ba ta bambanta mace da namiji, "Ƙanwarka ba tica ba ne? In mun koma shi zai gaya mana sunansa."

Wata safiya suka sauka tare. Abokin ya miƙa wa Yaya kwalbar ya ce ya riƙe, shi zai ƙara gaba kaɗan. Aka buɗe wuta daga cikin kurmin da ke gefe. Yaya ya rarrafa ya hau tudu. Abokin ya faɗi a tsakanin duwatsu biyu. Kwana biyu ana harbi, babu wanda ya iya sauka. Daga inda Yaya yake kwance yana hango shi. Ruwa ya zo ya rufe shi, ya janye ya bar shi, ya sake zuwa.

Kuka ya ci ƙarfina. Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Ina tsaye aka niƙa su."

"Na sani. Na gan ki." Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. "Ki fitar da ni daga nan."

Ba takardar ce ta fitar da shi ba. Na nuna wa Kawu, ya ce ai shi ma Bature yana zana aljani a littafi, kuma hannunsa da ya ɗore a karkace shi ne shaidarsa. Inna ba ta iya karatu ba. Abin da na yi shi ne na ja ta har rumfar, na ɗebi ruwa na wanke baƙin maganin a gabanta, ta ga abin da ke ƙarƙashi. Ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. A ranar muka sa aka buɗe turun, mai maganin yana ta faɗa cewa mun katse masa aiki saura kaɗan.

A asibiti suka ce mun makara. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora shi a kan wasu ƙwayoyi da suka rage masa firgita, suka kuma sa shi nauyin baki da yawan barci. Kawu bai sake taka gidanmu ba, kuma Inna ta rasa ƙaninta ke nan har ta mutu.

Da rani ya yi, Yaya ya iya tafiya da sanduna, sai ya ce in raka shi Keana. Muka tafi ranar kasuwa. Ba mu sha wahalar samun matar ba, kowa ya san wadda ɗanta soja bai dawo ba. Muka same ta a wurin aikinta, tana tace ruwan gishiri daga wata ƙatuwar tukunya mai huda a gindi, hayaƙi ya rine mata idanu. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa. Hausarta kaɗan ce. Yaya ya jingine sandunansa ya zauna a ƙasa a gabanta, ya faɗi ko shi wane ne.

Ta dube shi, ta dubi ƙafar. Ta ce, "Kai ne abokinsa na Lafia. Ya rubuta."

"Ni ne, Mama."

"Ya sha wahala?"

"A'a. Nan take ne."

"An binne shi?"

"An binne shi, Mama. Da hannuna."

Ta gyaɗa kai. Ta shiga bukka ta fito da ƙullin gishiri a leda ta ajiye a cinyarsa, ta koma bakin tukunyarta. Muka yi mata sallama.

A mota, mun wuce rabin hanya, ƙura tana shigowa ta taga, ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Ƙarya na yi mata. Rana ta uku da muka sauka babu shi. Ruwa ya tafi da shi."

Na ce Allah ya san niyyarsa. Ya ce to.

Ya ƙara shekara shida a duniya. Muka kafa masa tebur a ƙofar gida yana sayar da kananzir da ashana, daga baya da katin waya. Yana da kwanaki masu kyau, har yakan yi wa yaran layi gyaran keke. Yana da kwanakin da ba ya fitowa. Matarsa ta nemi saki ya ba ta ba tare da gardama ba, ta yi aure a Akwanga. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a farkon wata damina, kwana biyar, ya cika da rana tsaka ina makaranta.

Ranar addu'ar uku tsohuwar matarsa ta zo da 'yarsu, ta zama budurwa 'yar sakandare. Yarinyar ta gaishe mu da ladabi, ta zauna a gefen tabarma. Can ta matso kusa da ni ta tambaya a hankali ko akwai hoton babanta, don ba ta tuna fuskarsa. Na shiga ɗakin Inna na ɗauko wanda ya ɗauka da kaki kafin ya tafi, na ba ta.